Ramuwar Sada a Kwarin Gamji

Duk wanda ya yi noman rani tsakanin Kura da Bunkure a shekarun baya ya san Sada mai buɗe ruwa. In yana tafiya a ƙasa ɗingishi yake yi, ƙafarsa ta dama ta gaza ta hagu da kamar yatsu biyu. Amma da ya hau keke sai ka rantse ba shi ba ne. Ƙungiyar manoman sashensu ce ta ɗauke shi aiki, ta damƙa masa makullan ƙananan ƙofofin da ke raba ruwan kanal zuwa gonaki. Kullum da safe yana kan tsohon kekensa baƙi, ya buɗe wa masu tumatir, ya rufe wa masu alkama, ya yi cacar baki da masu satar ruwa. Ranar da ba aiki kuwa sai ya nausa kudu shi kaɗai, ya bar gonakin shinkafa a bayansa, ya shiga duwatsu da kwaruruka na wajen Rano. Babu burtali ko hanyar ƙafa a wannan yanki da tayarsa ba ta taka ba.

Ba da ɗingishin aka haife shi ba. A shekarar 2001, yana ɗan ashirin da biyu, wata ƙungiyar wasanni ta shirya tseren keke daga birni zuwa Tiga. Aka ce wanda ya zo na ɗaya za a ba shi keken tsere, a tura shi horo. Tun daga Kura Sada ne a gaba. Mutum ɗaya ne ya manne masa, wani dogon ɗan birni mai suna Hambali. Da suka zo wata gangara mai kwana, motar alƙalan tsere ta yi nisa ba ta hango su, Hambali ya matso kamar zai wuce, ya miƙa hannu ya ture kan keken Sada. Sada ya tashi sama, ya sauka da ƙugu a kan dutse.

Sunday, abokinsa tun na firamare, wani Bamaguje daga ƙauyukan Bunkure, shi ma yana cikin tseren. Shi ne ya yar da kekensa, ya goya Sada har bakin titi. Sada ya yi wata huɗu a gidan maɗori. Da ya fara takawa da sanda ya je ya kai ƙara, aka ce masa ina shaida. Hambali kuwa ya ce shi bai ga komai ba, gabansa kawai yake kallo. Ya karɓi kekensa ya tafi horo.

Bayan shekara bakwai, cikin zafin watan Maris, Sada na zaune a rumfar gyaran keke da Sunday ya kafa a bakin titin Kura, sai wata farar mota ta tsaya, da keke mai giya a ɗaure a samanta. Wanda ya fito ya yi ƙiba, ya sa baƙin tabarau, amma tun kafin ya yi sallama Sada ya gane shi. Hambali ne.

Hambali ya miƙa musu hannu ɗaya bayan ɗaya. Ya dubi Sada ido cikin ido, bai gane shi ba. Rana ta ƙona Sada, ya tara gemu, ya rame.

Hambali ya ce yana da shagon kekuna a birni, kuma ya kafa ƙungiyar masu yawon keke ranar hutu, likitoci da ma'aikatan banki da malaman jami'a. Sun gaji da kwalta da hayaƙin mota. Suna son hanyar da za ta bi da su ta gefen kanal, ta hau duwatsu, ta gangara kwari, su sha iska su ɗauki hotuna.

"An ce mini a nan zan samu wanda ya san lungunan," in ji shi. "Ina so mu fara zagawa ni da shi ranar Asabar, in ga hanyar da idona, kafin in kawo mutanena."

Sunday ya buɗe baki zai ce babu, Sada ya riga shi.

"Ni zan kai ka, Alhaji. Akwai wani kwari da ko 'yan garin nan ba su san shi ba."

"Madalla. Amma Malam, na ga kamar ƙafarka... za ka iya?"

"Zan lallaɓa."

Da motar ta tafi, Sunday ya ajiye sifanar da ke hannunsa. "Sada, me kake shirin yi?"

"Hanya zan nuna masa."

"Ni na ɗauke ka a bayana ranar nan, na san abin da ya yi maka. Amma kana da mata, kana da 'ya."

"Ba ni tsohuwar taya guda biyu," in ji Sada. "Waɗanda ka cire za ka yar."

A gida ya zauna a tsakar gida, ya yanke bakin tsofaffin tayoyin, ya cusa su cikin nasa, ya zama kowace ƙafa taya biyu ce ke kare tif ɗin. Matarsa Rauda tana tankaɗe tana kallonsa. Ta san labarin Hambali tun kafin a ɗaura musu aure, kuma matar Sunday ta riga ta aiko mata da abin da ya faru.

"Baban Saliha," ta ce, "don Allah ka bar shi da Allah."

"Shekara bakwai na bar shi. Kin ga motar da yake hawa?"

"To in ka kashe shi ƙafarka za ta miƙe?"

"Wa ya ce miki kashe shi zan yi?"

"To me za ka yi?"

Ya ci gaba da buga famfo har tayar ta yi tauri kamar dutse.

Ranar Alhamis ya je ya sake duba wurin. Kwarin Gamji ake kiransa, saboda wani ƙaton gamji da ke ƙasansa. Hanyar shanu ce ke gangarawa cikinsa daga kan tudu, doguwa, mai santsin tsakuwa. Wajen tsakiyarta akwai kwana, kuma ruwan daminar bara ya cinye ɓangaren dama na hanyar a bayan kwanar, ya bar rami mai zurfin tsayin mutum biyu. Sabara ta rufe bakinsa, wanda ke saukowa ba zai gan shi ba sai yana kansa. Ta hagu, jikin dutse, akwai 'yar siririyar hanya da ba ta fi kamu uku ba. Sada ya sauka ta nan sau uku a guje, har jikinsa ya haddace ta.

Asabar da sassafe ya buɗe ƙofar ruwan masu tumatir, da niyyar ya dawo kafin la'asar ya rufe, ya juya wa masu albasa. Bai gaya wa kowa inda za shi ba. Ya ɗaure jarka biyu ta ruwa a kariyar bayan kekensa, ɗaya a fili, ɗaya a cikin buhu.

Hambali ya zo cikin matsattsun kaya masu launi da hular kwano, da gorar roba biyu a jikin keken. Suka kama gefen babban kanal. Safiya ce mai kyau. Ruwa na gudu a hagunsu, kore shar, balbelu na bin masu huɗa, mata na tsinkar tumatir suna cika kwanduna. Hambali sai tsayawa yake yana ɗaukar hoto yana faɗin, "Kai! Ashe haka wurin nan yake?" Ya sayi rake ya miƙa wa Sada rabi. Ya tambaye shi sunan wata ciyawa, ya yi wa wani tsoho sannu da aiki. Har suka wuce Bunkure Sada yana jin zuciyarsa na rawa. Ya ce a ransa, wataƙila ƙuruciya ce, wataƙila mutumin ya canza.

Daga nan suka bar ruwa. Ƙasa ta fara tashi, kore ya ƙare, sai jan fako da manyan duwatsu masu kama da an ɗora su da hannu. Akwai hanya mai kyau da ke zagaye tudun ta gabas, amma Sada ya karya yamma, ya bi ta wata tsohuwar saura da ƙayar tsidau ta cika. Ba su yi nisa ba tayar Hambali ta baya ta sace. Ya canza tif. Ba a jima ba ta gaba ma ta tafi. Ya sa na ƙarshe da yake da shi, yana tsaki. Rana ta take, ya shanye gora ɗaya, ya juye rabin ta biyun a kansa. Sada ya ba shi tasa jarkar ta fili, ya bar shi ya sha son ransa har ta ƙare.

Suka zauna a inuwar wata tsamiya. Hambali ya dubi tayoyin Sada, ya yi dariya.

"Wannan tsohuwar taka ba ta jin ƙaya. Amma da a tsere ne da tuni na ɓace maka. Ka san ni tsohon ɗan tsere ne? A yankin nan ma na ci kofina na farko."

"Allah, Alhaji?"

"Wallahi. Akwai wani ɗan ƙauye da ya so ya ba ni wahala. Yaron yana da ƙarfi kamar jaki, amma ba wayo. Muna shiga wata gangara na ɗan taɓa shi haka," ya nuna da hannu, "sai ga shi yana iyo a sama."

"Me ya same shi?"

"Oho. An ce ya karye. Tsere ai ba wasan yara ba ne, Malam."

Ya ɓare biskit yana ci. Sada ya kalli hannun, wannan hannun dai, da zobe a yanzu. Rawar da zuciyarsa ke yi ta tsaya cak. Ya miƙe ya ce, "Mu tafi. Saura hawa ɗaya."

Hawan ya ci Hambali. Ya sauya giya har ta ƙare, daga baya ya sauka yana tura keken, yana haki, leɓɓansa sun bushe sun yi fari. Sada bai sauka ba. Ya miƙe tsaye a kan feda, ya haye, ya tsaya a sama yana jiransa. Daga can ana hango komai: layin kanal yana ƙyalli a arewa, gonaki kamar tabarmi, ga kwarin a ƙasa da gamjinsa.

"Ruwa," in ji Hambali da ya iso. "Ina za mu samu ruwa?"

"Akwai rijiya a ƙasa, gindin bishiyar can." Sada ya cire hularsa. "Hambali, dube ni da kyau."

Jin sunansa ba Alhaji ya sa ya ɗago. Ya dubi fuskar, ya dubi ƙafar, ya sake duban fuskar. Ya cire tabarau.

"Lamba goma sha bakwai a tseren Tiga," in ji Sada. "Jakin nan mara wayo. Sunana Sada."

Hambali ya waiga hagu da dama. Ba kowa, sai duwatsu da shaho ɗaya a sama. Ya zaro wayarsa, ba sabis. Ya mayar da ita aljihu, ya gyara murya.

"To yanzu me kake so? Kuɗi?"

"A'a."

"Haƙuri kake so in ba ka? Kowa yana yin abin da na yi. Da kai ne a bayana kai ma da ka yi."

"Da ban yi ba. Wata huɗu na yi a kwance ana juya ni kamar buhu. Ko sau ɗaya ba ka tambayi ko ina da rai ba." Sada ya hau kekensa. "Tseren nan ba mu gama shi ba. Daga nan zuwa gamji. In ka riga ni, na nuna maka hanyar gida. In ba ka so, zauna nan, ka nemi hanya da kanka."

Hambali ya dubi gangarar, ya dubi baƙin keken mai nauyi, ya dubi gajeriyar ƙafar. Wani murmushi ya dawo fuskarsa.

"Kai da wannan ƙafar? Bismilla."

Suka sako. Tsakuwa na tashi, iska na kuka a kunne. Sada ya shiga gaba, ya kama tsakiyar hanya, yana jin ƙarar sarƙar Hambali a bayansa tana matsowa. Da suka doshi kwanar, ya karkata hagu ya manne da dutse, ya ɗan taɓa birki, ya bar dama a buɗe fayau. Ya san mutumin. Hambali ya ga ƙofa, ya sunkuya, ya taka da dukkan ƙarfinsa, ya wuce shi kamar walƙiya, har yana waiwayowa.

Sada ya ga sabarar ta buɗe ta haɗiye shi. Sai ƙarar ƙarfe a kan dutse, sai ihu.

Ya bi siririyar hanyarsa ya sauka har gindin gamji, ya taɓa bishiyar da hannu. Sannan ya jingine keken, ya kwance buhun, ya ɗauki jarkar da ya ɓoye, ya tako cikin ramin ta ƙasa da ɗingishinsa.

Hambali na kwance a kan yashi da duwatsu. Cinyarsa ta hagu ta lanƙwashe ta inda ba gaɓa, kafaɗa ta zube, baki duk jini. Hular kwanon ce ta tsare kansa, ta tsage biyu. Keken na gefe, wilin gaba ya naɗe.

"Ka taimake ni," ya ce. "Don Allah. Ƙafata."

Sada ya zauna a kan wani dutse nesa da shi kaɗan. Ya dube shi sosai, a tsanake, yadda manomi ke duban gonar da ya gama girbewa. Ya yi zaton zai ji tausayi ya taso masa. Bai ji ba. Daɗi ya ji, mai sanyi, har cikin ƙashi.

"Ruwa, Sada. Ka ji tsoron Allah."

Lokacin azahar ya yi. Sada ya buɗe jarkar, ya yi alwala a gabansa, bai gaggauta ba, ruwan na zuba a yashi yana ɓacewa, Hambali na binsa da ido. Ya hau kan wani falalen dutse ya yi sallarsa raka'a huɗu, nishin mutumin na shiga kunnensa. Da ya sallame ya daɗe a zaune. Sai da inuwar bakin ramin ta matsa ta bar Hambali a rana tsirara, muryarsa ta fara dushewa, sannan ya taso ya ɗaga masa kai, ya ɗura masa sauran ruwan.

"Ba zan bar ka ka mutu ba," ya ce masa. "So nake ka yi tafiya a gaban mutane suna kallon ƙafarka."

Akwai rugar wani Bafulatani mai suna Gidaɗo a bayan kwarin, wanda Sada ya saba tsayawa shan nono a wurinsa. Ya je ya ce baƙo ya faɗa rami. Gidaɗo ya ɗaura wa shanu amalanke, suka ɗaure cinyar da sanduna da rawani, suka ɗora shi. Kowace gargada sai Hambali ya yi ƙara. Ba su kai bakin titi ba sai bayan la'asar, inda wata motar ɗaukar tumatir ta wuce da shi asibiti.

Sada ya isa Kura da magariba ya tarar da jama'a a ƙofar gidansa. Ruwan da ya bari a buɗe ya cika gonakin tumatir uku ya kwanta, masu albasa kuma ba su ga ko ɗigo ba. Shugaban ƙungiya ya karɓe makullan a take. Kwana biyu bayan haka 'yan sanda suka zo, don Hambali ya faɗi komai daga gadon asibiti. Sada ya kwana uku a hannunsu. Ya ce musu gaskiya ne ya san da ramin, kuma gaskiya ne bai taɓa mutumin da ko yatsa ba. Manyan garin suka shiga maganar, aka ba da belinsa, aka ce a kai ta gaban dagaci in mai jinya ya samu sauƙi.

Sai bayan wata biyar aka zauna. Hambali ya zo da sanduna biyu, an sa masa ƙarfe a cinya, yayansa na riƙe da shi, ga mutum huɗu daga ƙungiyarsu ta masu yawon keke. Zauren ya cika. Dagaci ya tambayi Sada dalilinsa, Sada ya faɗa tun daga farko. Yayan Hambali ya ce ƙarya ce, ƙaninsa bai taɓa ture kowa ba.

"Ka tambaye shi labarin da ya ba ni a gindin tsamiya," in ji Sada. "Na jakin da ya yi iyo a sama."

Hambali ya buga sandarsa a ƙasa. "To in na ture shi fa? Tsere ne! Shi kuwa da gangan ya kai ni, ya zauna yana alwala ina mutuwa!"

Ɗaya daga cikin abokan tafiyarsa, wani likita mai furfura, ya dube shi, ya sunkuyar da kai. Dagaci ya ce to, ga shi kowa ya faɗi nasa da bakinsa. Ya yi wa Sada faɗa mai zafi, ya ce abin da ya yi ba aikin Musulmi ba ne, kuma sai ya yi wa masu gonakin da ya ɓata aiki har damina ta fita. Ya ce wa Hambali shi ma ya je ya nemi gafarar Ubangijinsa. Ya nemi su yi musabaha. Hambali ya kau da kai. Sada ma bai miƙa hannu ba. Ya tsaya a bakin zaure yana kallo har aka kai Hambali mota, taku ɗaya ɗaya, yana jan ƙafa.

Aikin ruwa bai dawo masa ba. Rauda ta yi kusan wata ba ta yi masa magana sai ta dole, kuma har yau in aka ta da zancen tashi take ta bar wurin. Wasu a garin sun daina amsa sallamarsa da sakin fuska, wasu kuma a ɓoye suke ce masa ya yi daidai. Da ya gama aikin gonakin da dagaci ya ɗora masa, sai ya koma dakon albasa a keke, buhu biyu a kariya, daga gona zuwa kasuwa.

Ƙungiyar masu yawon keken ta rabu da Hambali. Da rani ya zagayo likitan nan ya zo rumfar Sunday, ya ce har yanzu suna son hanyar, ko Sunday zai ja su. Sunday ya yarda. Da yamma ya sami Sada da takarda da biro, ya ce ya zana masa, don shi bai san duwatsun kamar shi ba.

Sada ya zana masa tun daga gefen kanal har Bunkure, ya bi da su ta gabas inda ba ƙaya, ya sa alama a wurin rijiya da wurin hutawa.

Sunday ya naɗe takardar. "Tsakaninka da Allah, ka yi nadama?"

"Na tumatirin mutane, na yi," in ji Sada. "Ka ce su taho da ruwa da yawa. Kuma su fito da wuri, kafin rana ta yi zafi."